Baturiyar da Ta Iya Tatsa

A shekarar da turawan fim suka zo, Asta tana goyon 'yarta ta biyu, Fadimatu, rugarsu kuma tana bayan Paikon Kore, kusa da inda kogin Usuma yake karkatawa ya nufi kudu. Shekarar 1957 ce, an gama yankan dawa ke nan. A wancan zamani in aka ce Abuja, tsohon garin nan na kusa da Dutsen Zuma ake nufi, wanda yanzu ake kira Suleja. Sauran ƙasar kuwa daji ne da gonakin doya na Gbagyi, sai burtali da 'yan ƙauyuka nan da can. Akan yi kwana uku mota ba ta gifta ba, in kuwa ta gifta, sai an kwana biyu ana zancenta.

Wata ranar Talata sai ga manyan motoci har huɗu sun sauka daga hanya, sun kutsa cikin ciyawa, sun tsaya a gindin ɗorawar bakin rafi. Kawu Bappayo, dattijon rugar kuma ƙanin mahaifiyar Jumare mijin Asta, ya tsaya irin tsayuwarsa, ƙafa ɗaya a kan gwiwar ɗaya, sanda a hammata, ya yi gyaran murya sau biyu kamar yadda ya saba kafin kowace magana. Ya ce masu allurar shanu ne, a kaɗa garke a shiga daji tun ba su sauke kaya ba. Ana cikin kwance maruƙa sai ga Rosemary ta taho da sauri tana haki.

Ita Rosemary 'yar Paikon Kore ce, ta yi aji shida a makarantar mishan, mijinta James malamin makaranta ne. Ƙawancensu da Asta a kan nono da doya ya faro, wannan ta kawo kindirmo, waccan ta miƙo saiwa biyu, har abin ya wuce ciniki ya zama zumunci.

“Baba, kada ka kore shanu,” in ji ta, da Hausarta da ba ta cika raba mace da namiji ba. “Ba allura ba ne. Hoto ne mai motsi, irin na majigi. Suna so ka ba su aron garke su ɗauka. Kuma akwai wani mata cikinsu, babban mata ne a Ingila, yana so Asta ya koya mishi tatsa.”

“Baturiya za ta tatsi saniya?” Kawu Bappayo ya ce. “Da wane hannun?”

Sai da aka yi kwana uku ana kai da komo, har mai gari ya sa baki, sannan dattijon ya yarda. Sharaɗinsa biyu: ba za a kora shanu cikin tsakar rana ba, kuma ba baƙon da zai ɗaga musu sanda.

Washegari da sassafe Rosemary ta zo da baturiyar. Sunanta Lucy Ashcombe, mutanen ruga kuma suka tsaya a kan Lusi. Doguwa ce, gashinta kamar na masara, ta sa hula mai faɗi da jan baki, yatsunta uku da zobe. Rosemary ta raɗa wa Asta cewa a Landan hoton matar nan ya kai tsawon ɗaki biyu a jikin bango, mutane kuma layi suke yi cikin sanyi don su kalle ta. A cikin fim ɗin, za ta fito ne a matsayin matar wani likita da ya rasu a daji, makiyaya suka riƙe ta har ta koyi rayuwarsu.

Asta ta ɗauko ƙwarya. Ta jawo Daneye, farar saniyar da ta fi kowace haƙuri, ta saki maraƙin ya ja kaɗan, ta ɗaure shi a ƙafar uwar ta gaba, ta tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinta. Ta tatsa a hankali don baƙuwa ta gani, sannan ta matsa gefe.

Lusi ta waiga ta dubi wajen tantunan turawa. Ba wanda ya fito tukuna. Ta cire hular ta miƙa wa Rosemary, ta zare zobban ta zuba a aljihu, ta murza tafukanta har suka ɗauki ɗumi. Ta tsuguna, ta jingina goshinta da cikin saniyar, ta yi mata wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Sai nono ya fara sauka cikin ƙwarya, tsiyayi biyu, ɗaya na bin ɗaya ba tsinkewa, har kumfa ta taso. Daneye ko jela ba ta kaɗa ba.

Asta ta riƙe baki. Ta dubi Rosemary ta ce, “Ƙawata, tambaye ta. Wa ya koya mata?”

Baturiyar ta amsa ba tare da ta ɗaga goshi daga jikin saniyar ba. Rosemary ta juya maganar: “Ta ce babanta.”

A gindin ɗorawa suka zauna, Asta ta dama mata fura, ita kuma ta ba su labarin da ta ce shekara goma sha ɗaya rabon da ta ba wa kowa. Ba Lucy ba ne sunanta na yanka, Naomi ne. An haife ta a wani ƙauye mai duwatsu a arewacin Ingila, inda ubanta yake da shanu goma sha huɗu. Tun tana shekara bakwai take tashi da asuba ta tatsa, ruwan bokiti ya daskare, yatsu na zugi. Lokacin yaƙin duniya aka kai ta aiki masana'anta, can take wasan kwaikwayo da rana don a ɗebe wa ma'aikata kewa. Wani mutumin kamfanin fim ya gan ta, ya ce ta zo Landan. Suka sa ta sa hannu a takardar shekara bakwai, suka sake mata suna, suka ɗauko wata tsohuwa ta yi wata takwas tana gyara mata harshe har maganar ƙauyensu ta fita daga bakinta. Jaridu kuma aka ba su labarin cewa 'yar wani hafsan soja ce da ta tashi a gidan sama.

“To uban fa?” in ji Asta.

Lusi ta juya ludayi a cikin furar, ta ci gaba da labari. Ranar da aka fara nuna fim ɗinta na farko, uban ya bar shanunsa a hannun maƙwabci, ya hau jirgin ƙasa ya zo da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Mutanen kamfani suka ce kada a ɗauke su hoto tare. Ya zauna a kujerar can baya, aka tashi, ya kama hannunta a bayan ƙofa ya ce ta yi ƙoƙari, ya koma a jirgin safe saboda tatsa. Da ya rasu tana Italiya tana aiki, ba a sake ta ba sai bayan an binne shi. Shanun kuma aka yi gwanjonsu.

Asta ba ta san Italiya ba, ba ta san gidan sama ba, amma ta san abin da ake nufi da a watsa garken mutum bayan ransa. Ta ɗauki ludayin ta ƙara wa baƙuwar nono.

“Ta ce don Allah kada oga Andrew ya sani,” in ji Rosemary.

Andrew shi ne mai ba da umarni, gajere mai jan wuya, kullum da usur a baki. Mako shida aka yi ana aikin, Asta kuwa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. An kafa manyan farantai masu ƙyalli suna harba rana a fuskar mutum, an shimfiɗa 'yar hanyar ƙarfe wadda na'urar ɗaukar hoto take gudu a kai. An sa Asta ta tsaya a bayan saniya tana nuni da hannu, ita kuma Lusi ta tsuguna ta mayar da kanta wadda ba ta taɓa ganin hantsa ba. Ta kama da yatsa biyu kamar mai tsoron wuta, ta zabura in Daneye ta motsa, ta bari ƙwarya ta kife. Asta ta sha cije gefen mayafinta don kada dariya ta ƙwace mata.

Amma da aka kifar da ƙwarya ta huɗu, dariya ta ƙare. Ta zo ta tsaya gaban na'urar ta ce, “Ƙawata, gaya masa nonon nan daga bakin maraƙi muka karɓo shi. Ba a zubar da shi a ƙasa don wasa.”

Rosemary ta ji nauyin faɗa, sai Lusi ta tambaye ta me aka ce. Da ta ji, ta miƙe ta je ta sami Andrew, suka yi ta musayar magana har wuyansa ya ƙara ja. Daga ranar nan, farar ƙasa aka riƙa damawa da ruwa ana kifarwa, nonon gaske kuma ana kai wa masu dafa abinci.

A mako na biyar ne asirin ya fito. Da la'asar, ana tsakiyar ɗaukar wani wuri da Lusi take sanye da farar riga mai tsada, sai aka ji hayaniya a garke. Baƙar saniyar Kawu Bappayo tun hantsi take naƙuda, maraƙin ya zo da ƙafa ɗaya, ɗayar ta lanƙwashe ciki. Jumare ya gwada, hannunsa ya yi girma. Asta ta gwada, nata bai kai ba. Saniyar ta kwanta ta miƙe wuya, ido ya fara juyewa, dattijon ya aika a kawo wuƙa don kada ta mutu mushe.

Lusi ta ji kukan saniyar daga inda take. Ta tsaya a tsakiyar magana, ta saurara, sai kawai ta tattare riga ta nufi garke da gudu, Andrew yana busa usur a bayanta. Ta nemi ruwa da sabulu, ta naɗe hannun riga har kafaɗa, ta kwanta rub da ciki a cikin kashin shanu. Hannunta dogo ne siriri. Ta tura maraƙin baya, ta lalubo kofaton ta rufe shi da tafinta don kada ya yagi uwar, ta juyo da ƙafar a hankali. Ba ta jira Rosemary ta juya magana ba, da ido ta kira Asta, suka ɗaura igiya suka ja tare, suna jira sai saniyar ta yi nishi. Maraƙa ta faɗo, mace, ba ta numfashi. Lusi ta share mata hanci, ta tsinko ciyawa ta soka a ciki, 'yar maraƙar ta yi atishawa ta girgiza kunne.

Turawan duk sun zo sun yi cirko-cirko. Farar rigar ta tashi daga aiki. Andrew ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce wani abu gajere ya juya. Rosemary ta ce cewa ya yi kada wanda ya kai wa jarida wannan labari.

Kawu Bappayo ya yi gyaran murya sau biyu. “Ki gaya mata,” ya ce wa Rosemary, “maraƙar nan tata ce. Za ta zauna a garkenmu, abin da ta haifa nata ne. Duk ranar da ta so, ta zo ta kora.”

Da aka juya mata maganar, Lusi ta zauna a ƙasa yadda take, ta rufe fuska da hannun da bai ɓaci ba, ta yi kuka sosai. Asta ta kore yaran da suka taru, ta tsaya a kanta har ta gama.

Ana gobe za su tafi, Asta ta ce sai ta yi mata kitso. Gashin ya ƙi, duk wanda aka kitse sai ya warware kafin a kama na gaba, suka yi ta dariya har Fadimatu ta farka a goye. Lusi ta bar wa Rosemary adireshinta. Da safe motoci suka hau hanya, ciyawar da suka kwantar kuma damina ɗaya ta tashe ta.

Wasiƙa takan zo sau biyu a shekara, ɗaya wajen Kirsimeti, ɗaya farkon ruwa, ta hannun makarantar James. Ranar kasuwa Asta takan sauke ƙwaryarta a gidan Rosemary, su zauna a gindin mangwaro, Rosemary ta karanta tana juyawa. Wani lokaci akwai hoto da aka yanko daga mujalla, Lusi cikin rigar gashin dabba, ko tana sauka daga jirgin sama. Asta takan juya hoton ta duba da kyau ta ce, “Ta rame. Ki rubuta mata ta riƙa cin abinci.” Sannan ta ba da nata labarin: karsanar ta yi ƙaho, ta ɗauki ciki, ta haifi namiji.

Asta ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. James ne ya gan shi a Kaduna bayan shekara biyu, da ya je kwas, ya dawo ya ba da labari a tsakar gida.

“Na ga Daneye sosai,” in ji shi. “Ta fito ya fi sau goma. Na ga ɗorawar bakin rafi. Na ga Baba Bappayo daga nesa.”

“Ni fa, Malam?”

James ya sosa ƙeya. “Na ga bayanki sau ɗaya. Da gwiwar hannunki.”

Asta ta yi dariya har ta share ƙwalla. Da ta koma ruga ta ce wa Daneye ita ce ta yi suna.

Shekarun farko wasiƙun cike suke da aiki. Ta yi fim a Sifen, ta yi wani a cikin jirgin ruwa, ta auri wani ɗan kasuwa mai suna Philip, aka sa hoton bikin a jarida. Daga baya takardun suka fara gajarta. Auren ya mutu bayan shekara huɗu, ba haihuwa. Mutanen Ingila sun sayi talabijin sun zauna a gida, gidajen silima suna ta rufewa, kamfanin da ya ba ta suna ya sallame ta da wasiƙa mai layi uku. An fara neman 'yan mata sababbi masu magana irin ta talakawa, irin maganar da aka yi wata takwas ana cire mata. Ta fito uwar jaruma sau biyu, ta yi tallan sabulu, daga nan ta koma wasan dandamali a garuruwan bakin teku, mako ɗaya nan, mako ɗaya can. A wata wasiƙa ta ce duk faɗin Ingila ɗaki ɗaya gare ta, shi ma na haya, amma in ta tuna tana da shanu bakwai a Paikon Kore sai ta miƙe wuya ta shiga motar haya kamar matar gwamna.

Lokacin yaƙin basasa wasiƙu suka yanke shekara uku. A cikin shekarun nan Kawu Bappayo ya rasu, ciwon huhu ya ci kashi uku na garken, Daneye ta tsufa aka sayar. Da takarda ta sake zuwa, Rosemary sai da ta sa tabarau kafin ta karanta.

A ranin 1973, shekarar da fari ya koro makiyayan arewa suka cika bakin Usuma, Asta tana shanya ƙore da hantsi sai ta ji ƙarar mota. Rosemary ta fito, ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar, ta riƙo hannun wata farar mata mai furfura da sandar dogarawa. Wata ƙungiyar wasan dandamali ce ta zo Ikko da Kaduna, aka ba Lusi matsayin kaka a ciki, ta roƙi hutun kwana biyu ta ɗauki hayar mota.

Asta ta tsaya da ƙwarya a hannu. Baƙuwar ta matso ta ce, da Hausar da ta adana shekara goma sha shida, “Sannu, Asta. Ina gajiya?”

“Lusi!”

Ta girgiza kai tana murmushi. “Naomi.”

“To, Naomi. Sannu da zuwa. Kin ga kin tsufa.”

Rosemary ta juya, baƙuwar ta kyalkyale da dariya ta nuna kan Asta, inda furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali.

Da yamma garke ya dawo, Jumare ya ware mata nata guda biyar da suka tsira, ya faɗi uwar kowace. Asta ta kawo ƙwarya ta miƙa mata. Naomi ta duba hannuwanta, sanyin ƙashi ya karkatar da yatsun, gaɓoɓin sun kumbura. Ta gwada dunƙulewa, suka ƙi. Ta mayar da ƙwaryar, ta tsaya kawai ta ɗora tafinta a doron saniyar yayin da Fadimatu take tatsa. Jaririyar da ta bari a goye ta zama mace, har tana da ciki na fari. Naomi ta kalli hannun yarinyar na ɗan lokaci, sannan ta ce a gaya wa Jumare ta zo korar shanunta, kuma ta kora su zuwa ɗakin Fadimatu, ta bar mata.

Bayan an ci tuwo, tun da sauran haske, matan ruga suka taru a tabarma. Asta ta yi tambayar da ta daɗe tana cinta.

“Ƙawata, tambaye ta. Sun karɓe mata suna, sun hana ta binne ubanta, da ta tsufa sun yar da ita. Me ya sa ba ta bar aikin nan tun tuni ba?”

Naomi ta saurara har ƙarshe. Ta ce akwai abin da take nadama, kuma za ta mutu da shi. Amma aikin kansa, tana son sa, ko a gaban mutum goma ne a garin da ba wanda ya san ta. Ta ce ba ta da kalmar da za ta bayyana shi, sai dai ta nuna.

Ta miƙe da ƙyar, ta juya musu baya, ta ɗan tsaya. Da ta juyo, kafaɗarta ɗaya ta sauka, haɓarta ta miƙe gaba, idanunta sun ƙanƙance kamar mai hangen garke daga nesa. Ta taka sau uku tana jan ƙafar hagu. Ta soke sandar a hammata, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a gwiwar ɗaya, ta yi gyaran murya sau biyu.

Wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi. Ƙanwar Kawu Bappayo ce. Jumare, da yake zaune can gefe yana tufka igiya, ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Mutumin da suka binne shekara biyar da suka wuce, ga shi tsaye a gabansu cikin rigar baturiya, yana duban yamma ko shanu sun taho. Naomi ta ɗaga yatsa ta kaɗa shi irin yadda yake yi in zai tsawatar wa yaro, sai dariya ta ɓarke, dariyar kuma ta juye kuka, mata suna share ido da bakin zane suna cewa ta sake. Mako shida kawai ta san shi.

Asta ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Shekara goma sha shida tana ɗaukar Naomi a makiyayiyar da aka sace aka sa ta wasan yara. Yau ta ga cewa matar tana da sana'a, kuma gwana ce a cikinta.

Da Naomi ta sauke ƙafa ta zauna tana haki, Asta ta ce, “Ki gaya mata na gani.”

A ɗakin Asta ta kwana, da safe mota ta mayar da ita Kaduna.

Wasiƙu uku suka ƙara zuwa. Ta huɗun, a ƙarshen 1976, rubutun wani hannu ne, na 'yar ƙanwarta. Rosemary ba ta jira ranar kasuwa ba, ta tako har ruga da rana tsaka. Naomi ta rasu a asibitin wani gari na bakin teku, bayan jinyar wata biyu. Jarida ɗaya ta ba da labarin a 'yan layuka, da hotonta na ƙuruciya.

Asta ta zauna a kan turmi. Ta tambaya ko akwai wani a kusa da ita lokacin da rai ya fita. Rosemary ta duba takardar ta ce 'yar ƙanwar tana wurin. Ta tambaya ina aka binne ta. Aka ce a ƙauyensu, a maƙabartar cocin da iyayenta suke.

“To, alhamdu lillahi,” in ji Asta.

Ranar Juma'a ta daka gumba, ta raba wa yaran ruga da na gari. Jumare ya gani, ya san ko don wa aka yi, ya karɓi tasa ya ci.

A ranin nan ne wasu mutane masu hular kwano suka fara yawo a dajin da na'urar awo mai ƙafa uku, suna kafa duwatsun siminti masu lamba. Aka ce gwamnati za ta gina babban birnin ƙasa a nan. Jumare ya zagaya ya ga an kafa ɗaya a tsakiyar burtali, ya dawo ya ce in ruwa ya sauka za su yi kudu, wajen Abaji.

Ranar tashi Rosemary ta zo da doya shida a kafaɗa, ta taya Asta ɗaure ƙore a bayan bijimi. Ta raka su har mashigin rafi, inda ruwa ya fara kawowa gwiwa.

“In ka zauna, ka aiko mini da wurin,” in ji Rosemary.

“Wa zai rubuta mini, ƙawata?”

“Ka aiko da baki. Masu motan doya duk sun san gidana.”

Asta ta ce to. Ta tattare zane, ta karɓi jikanta daga hannun Fadimatu ta saɓa shi a kafaɗa, ta shiga ruwa a bayan shanu.